Tambaya da Amsa: Na Dawo Daga Libiya, Jari Zan Tsare Ko Bashi Zan Biya?

Wasiƙu uku muka zaɓa a wannan fitowa, dukkansu kuwa a kan al'amari ɗaya suke, wato halin da matasanmu ke shiga bayan sun dawo daga Libiya ko Aljeriya. Kamar yadda muka saba, mun cire sunayen waɗanda suka rubuto.

TAMBAYA TA FARKO, DAGA GARWA

Assalamu alaikum Malam. Shekaruna 29. Na bar Garwa na bi ta Kano da Zinder da Agadas har na shiga Libiya, inda na yi shekara uku ina aikin shimfiɗa karo, wato tayil, a gidaje. A Sabha wasu suka tsare mu, sai da kawuna ya sayar da shanu biyu ya aika sefa 600,000 kafin aka sake ni. Daga baya na nemi a maido ni gida, aka kawo mu a jirgi har Yawunde. Yanzu an kira ni an ce in kawo tsarin sana'ar da nake so a tallafa mini da ita, kuma an ce kaya za a saya mini, ba kuɗi za a ba ni ba. Abokaina sun ce in zaɓi babur, 'yan gidanmu sun ce in buɗe butik, wato shagon kayan masarufi, a ƙofar gida. Kawu kuwa bai buɗe baki ya tambaye ni ba, amma matarsa ta aiko cewa in kayan sun zo in sayar in rage musu bashi. Ba na iya haɗa ido da shi. Malam, me ya kamata in yi?

AMSA

Wa alaikumus salam, ƙanena. Barka da dawowa, Allah Ya sa ƙarshen wahalar ke nan, Ya kuma saka wa kawunka da alheri, domin ba kowa ne zai kori shanunsa zuwa kasuwa saboda ɗan 'yar'uwarsa ba.

Ya kamata ka fara sanin asalin wannan tallafi, saboda rashin saninsa ne ke haddasa rigima a gidaje da yawa. Mafi yawan waɗanda aka maido ta wannan hanya sun biyo ne ta hannun Hukumar Kula da Ƙaura ta Duniya, wadda a nan Kamaru da Cadi muka fi sani da sunanta na Faransanci, OIM. A watan Disamban 2016 ita da Tarayyar Turai suka ƙulla wani shiri na kare baƙin haure da sake zaunar da su a ƙasashensu, da kuɗin asusun da aka kafa a taron birnin Valletta na ƙasar Malta a 2015, kuma Kamaru da Cadi da Nijar da Najeriya duk suna cikin ƙasashen da shirin ya shafa. Aikin ya ƙara ƙarfi ne bayan watan Nuwamban 2017, lokacin da tashar CNN ta nuna yadda ake gwanjon mutane a Libiya kamar tumaki, duniya ta ɗauka, jirage suka riƙa sauke 'yan Kamaru a filin jirgin Nsimalen na Yawunde. Abin da ake bayarwa a irin wannan shiri ba diyyar tafiya ba ne, ba kuma ladan wahalar da mutum ya sha ba. Jari ne ƙarami, wanda galibi ake bayarwa ta hanyar sayen kayan aiki ko haja ko biyan kuɗin koyon sana'a, bayan an zauna da mutum an tsara abin da zai yi, ya kawo takardar farashi daga wurin mai sayarwa, sannan daga baya a zo a duba ko sana'ar tana tafiya. Mutanen gida kuwa abin da suke ji shi ne "Turawa za su ba shi kuɗi", sai kowa ya fara lissafin rabonsa tun kayan ba su iso ba.

Shawarata a taƙaice ita ce kada ka sayar da kayan. Na san maganar tana da nauyi ga mutumin da bashi ke hana shi barci, amma ka yi lissafin da kanka. Duk wanda ya karɓi sabon kaya yau ya kai shi kasuwa gobe, to masu saye sun san a matse yake, kuma farashin matsattse za su taya, ga la'adar dillali a kai. A ce ma ka samu rabin bashin ka miƙa wa kawu. Washegari za ka wayi gari ba jari, ba sana'a, ga sauran rabin bashi a wuyanka, ga alkawarin da ka yi wa waɗanda suka ba ka kayan ka karya shi. Manomin da ya dafa irinsa ya ƙoshi kwana biyu ne kawai, damina kuma ba za ta jira shi ba. Yawancin waɗanda na ji sun sake kama hanyar Agadas a karo na biyu ta nan suka fara: aka sayar da jari aka toshe bakin masu bin bashi, zama ya gagara, kunya ta sake korar su zuwa sahara.

Wannan ba ya nufin ka share bashin kawu. Bashi ne, kuma sai an biya. Abin da nake so ka yi shi ne ka daina gudunsa, ka kuma daina barin saƙo yana yawo ta bakin mata da yara. Ka nemi dattijo ɗaya da kawu yake jin nauyinsa, limamin unguwa ne ko jauro ko wani aminin mahaifinka, ku je ku same shi bayan la'asar, ka durƙusa ka yi masa godiya irin wadda ta dace, sannan ka faɗa masa gaskiyar abin da za a ba ka da sharaɗin da ke kansa. Ka yanka wa kanka abin da za ka riƙa kawo masa duk wata daga ribar aikinka, a rubuta a takarda, shaidu biyu su sa hannu. Idan ka ce sefa 20,000 duk wata, cikin wata 30 ka gama, wato shekara biyu da rabi. Idan aiki ya buɗe ka ƙara. Ka nemi a ɗaga maka wata uku na farko kafin ka fara. Addininmu da kansa ya shimfiɗa wannan hanya, domin aya ta 280 ta Suratul Baƙara ta yi umarni da a saurara wa wanda ke cikin ƙunci har ya samu sauƙi, aya ta 282 kuma ta ce a rubuta bashi. Ina kyautata zaton mutumin da ya sayar da shanunsa don ya fanshi ranka zai fi son ya gan ka tsaye da ƙafarka kana biyansa kaɗan-kaɗan a kan ya karɓi rabi yau ya rasa ka gobe. Shirun da kake yi ne ya sa iyalinsa suka fara tunanin ko ka manta.

Sai zaɓin sana'a, kuma a nan ne wasiƙarka ta ba ni mamaki, domin amsar tana cikin layinta na uku amma ka wuce ta kamar ba kai ka rubuta ba. Ka yi shekara uku kana shimfiɗa karo. Wannan ita ce dukiyar da ka dawo da ita, kuma ita kaɗai ce masu bindigar Sabha ba su iya ƙwacewa ba.

Bari in gaya maka abin da na gani da idona game da butik ɗin ƙofar gida. Akwai wani matashi a unguwar da na taɓa zama wanda aka cika wa shago da shinkafa da sukari da man gyaɗa da sabulu da madara da taliya. A makon farko sai ka ga kantoci sun cika har rufi, yana tsaye a ciki da sabuwar riga. Bayan wata biyu na tsaya sayen ashana, sai na lura ya jera kwalaye a saman kanta, na miƙa hannu na taɓa ɗaya, ashe babu komai a ciki. Ya ajiye su ne don kada masu wucewa su ga gurbin. Ya ɗauko mini littafin bashinsa, ɗan littafin makaranta mai bango shuɗi, shafi bayan shafi duk sunayen 'yan gidansu ne da maƙwabta: gwangwanin tumatir biyu, sukari kofi uku, sabulu ɗaya, "za a kawo da yamma". Babu ɓarawon da ya shiga shagon nan. Gwaggo ce ta aiko, yaya ce ta ɗauka, abokin da suka yi makarantar allo tare ne ya ce a rubuta. Shi kuma da yake yana ganin ya jawo wa gida asara da tafiyarsa, bai da bakin da zai hana kowa. Ribar kayan masarufi 'yar kaɗan ce a kan kowane abu, sai an juya kuɗin sau da yawa take taruwa, saboda haka bashin mako biyu ya isa ya cinye uwar kuɗi. Wanda yake jin kunyar danginsa kamar yadda kake ji yanzu, bai kamata ya buɗe shagon abinci a ƙofar gidansu ba.

Babur ya fi butik, domin kuɗinsa a hannu ne kullum, kuma babu mai aiko yaro ya ɗebi rabinsa. Amma ka dubi yawan 'yan kilando, wato masu haya da babur, da ke tsaye a bakin babbar kasuwa da Yelwa da Rumde Ajiya suna rububin fasinja ɗaya. Ka kuma tuna cewa ribar wannan aiki a Arewacin Kamaru ta daɗe tana dogara ne da arahar man zuwa-zuwa, wato fetur ɗin bayan fage da ake shigowa da shi daga Najeriya, kuma tun da aka cire tallafin mai a can a ƙarshen watan Mayun 2023 wannan araha ta ragu ƙwarai, yayin da a gidajen mai na Kamaru litar fetur ta tashi daga sefa 630 zuwa 730 a Fabrairun 2023, ta sake hawa 840 a Fabrairun 2024. Ga takardu da inshora da gyara, ga haɗari, ga ɓarayin babur, sannan shi babur kullum tsufa yake yi, in ba ka ware kuɗin sabo a gefe ba, bayan shekara biyu ƙarfe kawai za ka tarar a hannunka. Ga wanda ba shi da wata sana'a, ba zan hana shi ba. Kai kana da ita.

Saboda haka ka rubuta tsarinka a kan aikin karo. Ka nemi injin yanka karo, da injin gurza, da ma'aunin ruwa mai kyau, da cokula da gudumar roba da igiyar awo da baro, idan kuma abin da aka ware ya kai, ka haɗa da ƙaramin janareta, domin ka san yadda wuta take yi mana a Garwa a watannin Maris da Afrilu, kuma ma'aikacin da aikinsa ba ya tsayawa don an ɗauke wuta shi masu gini suke nema. Irin wannan jari yana da wata fa'ida da ba a cika lura da ita ba: ba ya ciyuwa. Babu wanda zai aiko a ba shi rabin injin yanka karo zuwa yamma. Kafin ranar da za ka koma wurin mai ba ka shawara, ka zaga shaguna uku na masu sayar da kayan gini ka karɓo farashi a rubuce, ka tambayi masu aikin nawa ake biyan mita ɗaya a yanzu, ka lissafa mita nawa kake iya shimfiɗawa a yini kai da yaro ɗaya. Wanda ya zo da lissafi a hannu an fi saurarensa, kuma takardunsa sun fi saurin wucewa.

Abu ɗaya zai ba ka wuya, shi ne shekarun da ka yi ba ka nan sun sa masu ba da aiki ba su san hannunka ba. Da ɗan gari akan ci gari. Ka nemi babban magini ko ɗan kwangila ka bi shi aiki biyu ko uku, ko da kuɗin bai kai yadda kake so ba, ka ɗauki hoton duk ɗakin da ka gama da wayarka, ka bar lambarka a wurin masu sayar da karo da siminti, domin su ne mai gida yake fara tambaya wa zai yi masa aiki. Kada ka fara aikin kowa ba tare da kafin alƙalami ba, ko da ɗan'uwa ne. Kuɗin aiki kuma ka raba shi uku tun ranar da ya shigo: na cefane, na kawu, da na gyaran kayan aiki, wannan na ukun ka zuba shi a asusun waya na Orange Money ko MTN wanda ba ka yawo da shi a aljihu, ko ka shiga adashi da mutanen da ka yarda da su.

Ka ce ba ka iya haɗa ido da kawu. Ka tuna Abdurrahman ɗan Aufu, Allah Ya ƙara masa yarda, ya isa Madina ba shi da komai, aka yi masa tayin rabin dukiya, ya yi godiya ya ce a nuna masa hanyar kasuwa. Komawa farawa daga ƙasa ba abin kunya ba ne a wurinmu. Ka je ka gaishe shi a wannan makon, tun kafin kayan su iso.

TAMBAYA TA BIYU, DAGA KUSIRI

Malam, ni uwa ce. Ɗana ya dawo daga Aljeriya wata biyar ke nan. Ya ce an kwashe su a mota an zubar da su a sahara, suka taka da ƙafa har Asamaka. An saya masa keken ɗinki da yadi don ya fara sana'a, amma har yau keken yana lulluɓe. Ba ya fita, ba ya barci da dare, in an buga ƙofa da ƙarfi sai ya zabura. Mahaifinsa yana cewa lalaci ne. Ni kuwa na san ɗana ba malalaci ba ne.

AMSA

Hajiya, Allah Ya ba shi lafiya, Ya ba ku ladan haƙuri. Kun yi gaskiya, wannan ba lalaci ba ne, kuma ina roƙon ku karanta wa mahaifinsa wannan amsa.

Wurin da ɗanku ya faɗa sananne ne. Ana sauke waɗanda aka koro daga Aljeriya a kan iyaka, a wani fili da babu inuwa babu ruwa, su taka kimanin kilomita 15 cikin rairayi kafin su kai Asamaka a ƙasar Nijar, kuma ba kowa ne yake kaiwa ba. Wanda ya bi wannan hanya ya ga abin da bakinsa ba zai iya faɗa wa mahaifiyarsa ba. Rashin barci da zabura da gudun mutane da mutuwar zuciya a kan aikin da mutum ya iya, duk alamu ne da likitoci suka sani ga waɗanda suka tsallake babban tashin hankali, kuma ciwo ne da ake magani, kamar yadda ake ɗora karaya. Shi ya sa ma shirye-shiryen sake zaunar da waɗanda suka dawo ba su tsaya ga jari kaɗai ba, sun haɗa da kula da lafiyar jiki da ta ƙwaƙwalwa. Ku nemi lambar jami'in da ya bi takardunsa har aka sayi keken, ku gaya masa halin da ake ciki ba tare da ɓoye komai ba, ku nemi a haɗa shi da mai ba da shawara a wannan fanni. Ku kuma kai shi asibiti a duba shi. Addu'a da sauran abin da aka saba yi a gida a ci gaba da su, amma kada su hana zuwa wurin likita. Idan kuka ji yana maganar gajiya da rayuwa, ko kuka ga ya fara shan ƙwayoyi irin su tramol don ya samu barci, to kada a kwana ba a kai shi ba.

A gida kuma a daina yi masa gorin kuɗin da tafiyar ta ci, a daina kwatanta shi da ɗan wane da ya tsallaka Italiya yana aiko da kuɗi. Kada a matsa masa ya ba da labari, amma in ya fara, a saurara har ya gama. Game da keken, kada a sayar, kada kuma a ba wani aro. Ni a ganina buɗe shago shi kaɗai ya yi masa nauyi a yanzu. Ku nemi wani tela dattijo mai haƙuri a unguwa, a kai keken shagonsa, ɗanku ya riƙa zuwa ko da awa biyu ne da safe, ya yi kalmasa, ya sa maɓalli, ya ji ƙarar kekuna da hirar mutane. Ku fara ba shi ɗinkin gida da hannunku, rigar ƙanensa ko zanenku, ku biya shi kamar yadda za ku biya wani. Idan akwai wanda suka dawo tare da ya fara warwarewa, a nemo shi ya riƙa leƙo shi, domin akwai maganar da sai wanda ya taka wannan rairayi yake iya fahimta.

TAMBAYA TA UKU, DAGA MARWA

Malam, ni da kaina na dawo daga Libiya ta Faya da Injamena, ba wata hukuma da ta ɗauko ni. Wani mutum ya ce in ba shi jaka hamsin, wato sefa 50,000, zai sa sunana a jerin waɗanda za a ba jari. In bayar?

AMSA

Kada ka ba shi ko dala, ƙanena. Ba a sayar da wannan tallafi, ba a biyan kuɗin rajista, ba shi kuma da dillali. Duk wanda ya nemi kuɗi don ya sa sunanka, damfararka zai yi, kuma ka gargaɗi abokanka a kansa.

Gaskiyar da ya kamata ka sani ita ce tallafin mutum ɗaya-ɗaya galibi yana bin waɗanda aka yi wa rajista tun a can aka maido su ta hannun hukumar, saboda haka wanda ya dawo da ƙafarsa ba kasafai yake shiga wannan jeri ba. Sai dai akwai ayyukan da ake yi wa rukuni ko unguwa baki ɗaya, inda ake haɗa waɗanda suka dawo da matasan da ba su taɓa fita ba, kuma a irin waɗannan kana iya samun gurbi. Ka je ofishin OIM na nan Marwa da kanka ka tambaya, tambaya kyauta ce. Ka kuma yi rajista a Asusun Samar da Aiki na Ƙasa, wato FNE, wanda aka kafa tun 1990 kuma yake horar da masu neman aiki da tallafa wa ƙananan sana'o'i, sannan ka leƙa cibiyar matasa ta ma'aikatar matasa da ke yankinku ka ji shirin da yake buɗe a bana. Ka tafi da katin ɗan ƙasa. Idan ya ɓace a tafiya kamar yadda ya faru da mutane da yawa, to sabunta shi ne aikinka na farko, domin babu ofishin da zai buɗe maka fayil ba tare da shi ba.

Jaka hamsin ɗin nan kuwa, tunda kana da ita, ita ce farkon jarinka. Kana zaune a garin da albasarsa take kaiwa har Yawunde da Duwala. Ka samu wani babban ɗan kasuwa da ka sani ka bi shi lambu da kasuwa kaka ɗaya, ka koyi yadda ake gane albasar da za ta jure ajiya da wadda za ta ruɓe a mako biyu, sannan ka sari buhu ɗaya ko biyu da kuɗinka lokacin da take araha. Idan ya ga riƙon amanarka, kana iya neman ya ba ka haja bisa ƙiradi, shi da dukiya kai da aiki, ku raba riba yadda kuka yi yarjejeniya a gaban shaidu.

Mai son aiko da tambaya ya rubuto da sunan garinsu kawai, ba sai ya sa sunansa ba.